Kafin Hajiya Jumai Ta Fita Takaba

Rano,
Alhamis, tsakiyar damina.

Zuwa ga jikata kuma amaryata, Mu'minat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yau Alhamis na tashi da ɗan dama-dama, alhamdu lillahi. Gwiwoyin nan da suka hana ni zuwa masallaci tun farkon marka sun ɗan saki, tarin ma ya bar ni na yi barci. Hannu ne dai yake rawa, saboda haka in kin ga rubutun yana hawa tudu yana gangarowa, kada ki yi wa mijinki dariya. Da can a elementare rubutuna malam yake ɗagawa ya nuna wa 'yan aji. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mahaifinki Shamsuddeen da mahaifiyarki Ramatu da ƙannenki baki ɗaya. Allah Ya zaunar da Maiduguri lafiya, Ya tsare ku daga abin ƙi, Ya buɗe miki ƙirji a karatunki, Ya sa ki gama jami'a da hannun dama, amin.

Labarin gida sai godiya. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, mutanen Madachi da suke shigowa kasuwa suna cewa an daɗe ba a ga dawa ta yi duhu haka ba. Katangar bayan gida ta zube a ruwan makon jiya, amma ba ta taɓa kowa ba, dama wa za ta taɓa? Tun da kakarki ta rasu, gidan nan daga ni sai rediyo, sai tunkiyar da ta bari, wadda ta haifi tagwaye, kuma kullum tana harara ta kamar ni nake cinye mata dusa. Sallau maƙwabcina, mai babur ɗin haya, shi da iyalinsa ba su bar ni na rasa tuwo ba, Allah Ya saka musu da alheri. Shi ne ma zai kai wannan takarda tasha a Kano gobe, ya damƙa wa direban motar garinku. Ina rubuta miki ne a zaure, sanye da farar rigata ta Juma'a, ga sabuwar tabarma a shimfiɗe, ga fura a kwano a rufe, domin ina jiran baƙo daga Kano. Zan gaya miki ko wane ne in na iso wurin.

Na san za ki ce me ya hana tsohon nan ya kira waya. Kunnena ne. Ranar da kika kira ki yi mini ta'aziyyar yayana Malam Maharazu, rabin maganarki iska ta kwashe, amma rabin da ya shigo ya zauna mini a rai. Na tambaye ki ko kin shiga ƙungiyar ɗaliban laburare ta makarantarku, wadda kika ce tana ƙarƙashin babbar ƙungiyar ma'aikatan laburare. Kika ce a'a, kuma ba ki da niyya. Kika ce taro ne kawai da surutu, gara ki ba littafi wannan lokacin. Kika ce duk abin da mutum yake nema yanzu yana cikin waya, kika ƙara da cewa babanki ma ya ce ƙungiya siyasa ce da yawon gari-gari. Ban yi miki musu ba, domin ranar makoki ce, zaure cike da mutane. Amma ke kaɗai ce cikin jikokina kika ɗauki sana'ata, kin ga kuwa ba zan iya yin shiru ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da tsohon ya yi ta kewaye.

Kin san Malam Maharazu a Durba ya yi rayuwarsa yana karantarwa. Mu biyu muka tashi gaban mahaifinmu. Da aka zo neman yaran da za a kai boko, ni aka kama, shi aka bar shi da allo. Ni na ƙare ina tsaron littattafan ɗab'i a ɗakin karatu na hukuma, shi kuma yana tsaron na kakanni, mukan yi wa juna tsiya a kan haka har muka yi furfura. Littattafan da ya bari ba na kanti ba ne. Rubutun hannu ne, wasu kakanmu ya kwafa da alƙalamin kara, wasu mahaifinmu, wasu shi kansa. Akwai fiƙihu, akwai nahawu, akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, a gefen wasu kuma an rubuta shekarar da fara ta zo da shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci. Suna cikin gafaka, wato jakar fatar nan da kika sha gani a rataye a ɗakinsa kina ƙarama. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba a ɗinke suke ba. Warwara ne, warƙa bisa warƙa, wato takarda ɗai-ɗai, kuma babu lamba a jikinsu. Marubuci yakan ajiye kalma ɗaya a can ƙasan warƙa, kalmar da za ta buɗe ta gaba. Da ita kaɗai ake sanin wadda ke bin wata. In warƙa ta bar 'yan'uwanta, ta zama marainiya, su ma sun zama gurgu.

To, bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Gona ba ta ba da wahala ba, gida ma haka, shanun da ke ruga wurin Fulani aka raba su ba tare da an ɗaga murya ba. Da aka zo kan littattafai sai aka tsaya cik. Malamin da ke rabo ya ce sai an yi musu kuɗi, sannan wani ya ɗauka cikin kasonsa. Babu wanda bakinsa ya iya. Baffanki Mahdi, ƙaramin ɗan marigayin, ya ce shi ba zai tsaya ana taya rubutun mahaifinsa kamar akuya ba. Kuma ko da an yi musu kuɗin, babu wanda zai yarda ya koma gida hannu wofi, domin kowa yana son albarkar ta shiga ɗakinsa. Sai Mahdi ya kawo shawara, a buɗe kowace gafaka, a raba warƙoƙin yadda ake raba gado, namiji damƙa biyu, mace damƙa ɗaya. 'Yan'uwansa mata suka goyi baya. Ɗaya daga cikinsu tana kuka ta ce ita ba ta iya karanta su ba, amma tana so ta riƙa buɗe akwati tana ganin hannun babanta. Mu'minat, ban ga laifinsu ba. Ƙauna ce ta sa su, ba kwaɗayi ba. Ni kuwa kin san ɗan'uwa ba ya gado in akwai ɗa namiji, saboda haka ba ni da hannu a ciki, baki kawai gare ni.

Na yi amfani da bakin. Na tuna musu cewa an taɓa yin haka a gidanmu. Da mahaifinmu ya rasu, an ɗauki babban littafinsa na fiƙihu aka rarraba mana, mu da 'yan'uwanmu mata, don kowa ya sami tubarraki. Wata ta ɗinke nata a laya ta rataya wa jariri. Wata ta shimfiɗa nata a ƙasan kwalla, gara ta same su. Wata aure ya kai ta nesa, ta tafi da su. Daga baya Malam Maharazu ya yi shekaru yana hawa keke gida-gida yana roƙon a dawo masa da su. Na sha samunsa a kan buzu, ya baza su gabansa, yana bin kalmar ƙasa yana haɗa kowace da 'yar'uwarta, kamar mai haɗa tsintsiyar da ta kwance. Bai same su duka ba. Har ya bar duniya, akwai wurin da in ya iso yana karantarwa sai ya rufe ido ya ci gaba da ka, har ya tsallake gurbin, sannan ya buɗe ido ya koma kan takarda. Yanzu kan ma ya tafi. Da na faɗi haka na ɗauka na ci nasara.

Sai baffanki Khalid, babban ɗan, ya yi magana. Kada ki ɗauke shi mai taurin kai, mutum ne mai hankali, hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Kibiya, ya san mutane. Ya ce ya ji maganata, amma in ba a raba ba, wa zai riƙe? In shi ya riƙe, haƙƙin 'yan'uwansa yana wuyansa, ga ɗakin yana yoyo, ga gara. Na ce a yi waƙafi da su, a kai su laburaren da ake adana irinsu, a ɗauki hoton kowace warƙa, kowane magaji a ba shi littafi cikakke maimakon damƙa. Ya ce shawara ce mai kyau, amma wa zai yi? Ya ce wani baƙo ya taɓa zuwa wurin wani malami a ƙauyen gaba da su, da mota da daɗin baki, ya ari littafi zai dawo da shi, har yau. Ya ce in mutum ɗaya ya zo ya kwashe, gobe aka yi masa canjin wurin aiki, ko Allah Ya karɓi abinsa, wa za su riƙe? Na buɗe baki na lissafa masa mutanen da zan kira, sai na tarar duk wanda na tuna yana kabari.

Hajiya Jumai, matar marigayin, ita ta cece ni ranar. Tana ɗaki tana takaba, ta aiko 'yarta ta ce littattafan a ɗakinta suke rataye, kuma babu wanda zai sauke su sai ta fita takaba, domin ƙamshin fatar nan shi ya rage mata. Ba wanda ya iya ja da ita. Za ta fita wajen yankan dawa, kin ga abin da ya rage mana ke nan. Da na dawo gida na yi ta cigiya har na sami lambar Malam Tajuddeen, ɗan wani abokin aikina marigayi, wanda yake aiki a wani laburare a Kano. Ya girmama ni ƙwarai a waya, ya ce ya san ni tun yana yaro, ya yi alkawari zai zo yau mu tafi Durba tare, ya duba littattafan, ya yi wa Khalid bayani. Shi ne baƙon da nake jira. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai na ajiye biro na gyara hula.

Yanzu bari na gaya miki dalilin da ya sa tambayar Khalid ta tuna mini da ke. Lokacin da aka fara tura ni ɗakin karatu, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, ni kaɗai ne mai irin aikina a yankin baki ɗaya. Mutanen gari mai gadin jarida suke kirana. Wani dattijo cikin ma'aikatan laburare ya zo rangadi daga Kano, ya ga halin da nake ciki, ya sa ni cikin ƙungiya, ya ja ni zuwa taronsu a Zariya. Na zauna can baya kamar ɗan ƙauye a gidan biki. A shekarar nan kuwa rufin ɗakin karatuna ya yi yoyo, littattafai suka jiƙe, na kwashe su na shanya a rana kamar barkono, suka kanannaɗe, suka yi ta karyewa. Da aka tashi shan shayi na ba wanda ke kusa da ni labari, sai wata mata daga kudu ta ji. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina yana ɗingishi in na ga manya. Ta ɗauki littafi ta tsayar da shi a kan tebur, ta buɗe shi kamar mafici, ta nuna mini inuwa, ta nuna mini taga inda iska ke shigowa, ta riƙa cusa farar takarda tsakanin shafuka. Ba a koya mini wannan a makaranta ba, kuma ban san akwai abin tambaya a wurin ba, balle na tambaya. Kin ce komai yana cikin waya. Na yarda, amma waya tana amsa abin da kika tambaye ta ne. Abokin sana'a shi yake ganin kin shanya littafi a rana ya ce miki tsaya.

Bayan wasu shekaru aka kawo mana sabon shugaba, ya ce ɗakin karatu ya fi dacewa da ajiyar takin zamani, a kwashe littattafan a zuba a baranda. Na je na yi magana, aka ce mai gadin jarida yana tsoron rasa wurin barci. Na aika wa reshen ƙungiyarmu. Ba su yi zanga-zanga ba, ba su zagi kowa ba. Suka cika mota guda, maza da mata, suka zo suka zauna da shi, suka gaishe shi da mutunci, suka faɗi abin da na riga na faɗa, kusan kalma da kalma. Sai ga shi ya ji. Maganar ba ta canza ba, masu faɗinta ne suka yi yawa, kuma ya san in ya sallame su yau, suna nan gobe, suna da suna, suna da inda ake samunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kawuna marini ne a nan Rano, kuma ban taɓa ganin marini ya haƙa ramin rininsa shi kaɗai a bayan gida ba. A karofi suke taruwa, rami kusa da rami. In ruwan baba na rini ya ƙi kamawa, sai ya kira na gefensa, wannan ya sansana, wancan ya tsoma hannu, wani ya ce a ƙara toka. Maƙera suna da sarkinsu, mahauta suna da nasu, wanzamai ma haka. Kakanninmu sun riga boko sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai gaskiya a maganarki. Na zauna tarukan da aka wuni ana gardama a kan wanda zai zama ma'aji. Na ga waɗanda shinkafa kawai take kawo su, da an ci sun sulale. Za ki ga irinsu, ki bar su da halinsu, ba a ƙin kasuwa don akwai 'yan kallo. Amma a can ne za ki zauna tebur ɗaya da waɗanda suka yi shekara talatin suna aikin da kike karantawa, ki ji yadda yake a hannu, ba a allo ba. A can za ki ji inda ake karɓar ɗalibai koyon aiki da inda ake neman ma'aikata, tun kafin labarin ya fita, kuma ranar da sunanki ya zo gaban wani, zai ce ya san yarinyar nan, ya ga aikinta. Na san ki da kunya. Tun kina ƙarama in baƙo ya shigo bayan kakarki kike ɓuya. To, ma'aikacin laburare ba ɓoye yake ba kamar yadda mutane suke zato, kullum yana roƙon wani ne, a gyara rufi, a sayo littafi, kada a kawo taki. Gara ki koyi tsayuwa gaban mutane yanzu, cikin 'yan'uwanki ɗalibai, inda in muryarki ta yi rawa dariya kawai za a yi a wuce. Akwai kuma abin da ba za ki gane ba sai kin tsufa. Ranar da kakarki ta rasu, cikin waɗanda suka zo daga nesa har da tsofaffi biyu na ƙungiyarmu, ɗaya da sanda, ɗaya ana riƙe da shi. Ba dangina ba ne, ba garinmu ɗaya ba. Mun yi hira a zauren nan a kan littattafan da muka taɓa ceta, kuma rabon da na yi irin wannan hira ke nan.

Game da babanki, ɗana ne, na san inda tsoronsa ya fito, kuma tsoron uba ba abin raini ba ne. Ki ba shi takardar nan ya karanta da kansa. Ki ce na ce ya tuna lokacin da ruwa ya shiga shagonsa, su wane ne suka zo da kwando da shebur tun kafin dangi su ji labari, in ba 'yan ƙungiyar kasuwarsu ba. In tafiya ce take damunsa, ya bar ki ki riƙa zuwa tarukan cikin makaranta tukuna, na nesa kuma ya san da wa za ki da inda za ki sauka. Ba na so ki yi abin da bai yarda ba. So nake ki nemi yardarsa da ladabi, ki kuma nace.

Ga roƙona, amarya. Ki shiga. In kin shiga, ki tashi a taro ki ce akwai littattafan hannu a Durba ta ƙasar Kibiya, za a raba su damƙa-damƙa in an yanke dawa. Na san cikin malamanku da manyanku ba za a rasa wanda maganar za ta hana shi zama ba, su kuma suna da 'yan'uwa a reshen Kano, nan kusa da mu. Ko ɗalibai kaɗan ne da malami ɗaya suka zo lokacin hutu, da abin ɗaukar hoto, da sunan ƙungiya a bayansu, Khalid zai ga abin da zai riƙe. In kuma Allah bai nufa ba, littattafan suka watse, to duk da haka ki shiga, don kanki. Ba na so wata rana a yi miki tambayar da aka yi mini, ki duba hagu da dama ki ga ba kowa.

Ki gaishe mini da Shamsuddeen, ki ce masa zumunta a ƙafa take, waya ba ta ganin ramar tsoho. Ki gaishe da Ramatu, na gode da man zafin da ta aiko, shi nake shafawa. Ki gaishe da ƙanenki Mujahid, a ce masa na ji labarin ƙwallon da ta hana shi cin jarrabawa, muna nan da shi. Ƙanwarki Sadiqa kuma ki gaya mata in kin ci gaba da yi mini rowar zuwa, ita zan mayar uwargida. Hajiya Jumai tana gaishe ku, Sallau da iyalinsa ma haka. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa ki da abokan sana'a na gari, Ya sada mu da alheri.

Ni ne kakanki mai ƙaunarki,
Malam Alu Rano.

Ƙarin bayani. Na buɗe takardar bayan na riga na naɗe ta. La'asar ta wuce, rana ta yi sanyi, Malam Tajuddeen bai zo ba. Sallau ya kira mini lambarsa, ba ta shiga. Ban riƙe shi a zuciya ba, mai yiwuwa aiki ne, ko rashin lafiya, ko ruwa ya tare hanya. Mutum ɗaya ne, abu ɗaya ya isa ya tsare shi. Khalid ya gaji da jira a Durba, ya hau babur ya zo da kansa. Ya tarar da ni da farar riga, ya dubi tabarmar da ba a zauna a kai ba, ya kawar da kai, na kuwa fi so da ya yi faɗa. Na ba shi furar baƙon ya sha. Da zai tafi ya durƙusa ya ce mini, cikin ladabi, abin da yake tsoro ke nan, kuma ranar da Hajiya ta fita takaba ba zai iya hana ƙannensa haƙƙinsu ba. Na ce masa ya ba ni zuwa ranar, domin yanzu ba mutum ɗaya nake jira ba, ƙungiya nake jira. Ya tambaye ni wace ƙungiya. Na ce ta Mu'minat.

Na faɗa kafin na tambaye ki, ki yafe mini. Tabarmar dai ban naɗe ta ba.